Filin Tambaya da Amsa: Rabuwa da Sukari Kafin da Bayan Tiyatar Rage Ƙiba

Wasiƙun da suka shigo mana a 'yan makonnin nan, da yawansu kan abu ɗaya suke magana: sukari, ga wanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba ko wanda ke shirin shiga. Wasu a Legas ko Abuja aka yi musu, wasu sun je Indiya, Masar ko Turkiyya sun dawo da takardar abinci da babu tuwo babu kunu a cikinta. Likitan tiyata da masaniyar abinci da ke riƙe da wannan fili su ne suka haɗu suka amsa. Iri biyu na tiyatar za ku riƙa jin an ambata. Akwai silib, inda ake yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a cire, a bar siririn bututu mai siffar ayaba. Akwai kuma baifas, inda ake ware 'yar jaka kamar girman ƙwai a saman tumbi, a jona ta kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya riƙa tsallake sauran tumbin da farkon hanjin.

Assalamu alaikum. An sa mini ranar tiyatar silib, saura mako shida. Ina shan shayi sau uku a rana, kowane kofi ƙwayar suga huɗu, kuma ba na cin abincin rana sai da lemon kwalba mai sanyi. Likita ya ce in daina tun yanzu. To ni na ji an ce tiyatar da kanta tana kashe kwaɗayin zaƙi. Me zai hana in bari sai an yi? Daga wata uwargida a Kano.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Bari mu fara da lissafi. Ƙwayar sukari ɗaya ta kai giram 5, goma sha biyu a rana sun ba ki giram 60 ke nan. Lemon kwalba yana ɗauke da kusan giram 10 a kowace mililita 100, wato robar mililita 500 ta haura giram 50. Kafin ki taɓa burodi ko cincin kin riga kin sha giram 110, ƙaramin cokali 27. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ce babban mutum kada ya wuce kimanin giram 50 a rana, in so samu ne ma ya tsaya a 25, cokali shida kacal.

Dalilin likitanki na farko shi ne hanta. Yau ta 'yan ƙananan huji ake yin wannan aiki da kyamara, kuma ɓangaren hagu na hanta kwance yake a kan saman tumbi kamar murfi. Sai an ɗaga shi kafin a ga wurin aiki. Hantar da ta cika da kitse da ajiyar sukari tana da nauyi, ga ta da saurin tsagewa ta yi jini, har akan kai ga likita ya fasa aikin a ranar. Shi ya sa ake ɗora mutum kan abincin rage hanta na mako biyu, kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa) 800 zuwa 1,000 a rana, babu sukari, sitaci kaɗan, mai kaɗan. Kowane giram na sukarin da hanta ta ajiye yana riƙe da ruwa kusan giram uku, don haka da ajiyar ta ƙare sai hantar ta saɓe.

Na biyu, gaskiya ne cewa kwaɗayi yana raguwa. A silib, ɓangaren da ake cirewa shi ne inda aka fi samar da sinadarin girelin mai tayar da yunwa, kuma mutane da yawa sukan ji zaƙi ya gundure su a watannin farko. Amma aro ne, ba kyauta ba. Bayan shekara ɗaya ko ɗaya da rabi yunwa takan fara dawowa. Sannan sabon da ya sa hannunki ke miƙewa zuwa kwalin suga da ƙarfe huɗu na yamma ba a tumbi yake ba, wuƙar likita ba ta kai wurinsa.

Kina da mako huɗu kafin abincin hanta ya fara, ga yadda za ki raba su. Lemon kwalba a yanke shi gaba ɗaya tun makon farko, domin ko babu sukari iskar da ke cikinsa ba ta shiri da sabon tumbi. A madadinsa ruwan sanyi da yankan lemon tsami ko kokwamba. Shayi kuwa a hankali za a bi shi: ƙwaya uku a makon farko, biyu a na biyu, ɗaya a na uku, na huɗu babu. Harshe yana sabawa idan aka ba shi kwanaki a kowane mataki. Ki cike gurbin da citta, kanumfari, kirfa ko na'a-na'a, ƙamshi yana rufe rashin zaƙi fiye da yadda ake zato. Idan ciwon kai ya kama ki kwana ɗaya bayan barin lemo, yawanci rashin kafin ne, sinadarin nan na goro da kofi, kuma ba ya wuce kwana biyu zuwa tara. Kada ki tsallake karin kumallo a wannan lokaci. Ƙwai biyu ko alale da safe suna rage rarumar zaƙi da hantsi.

Sai gida. A fitar da madarar gwangwani mai zaƙi, biskit, alawa da garin koko na kanti daga ɗakinki. Idan yara suna buƙata, a sa a kabad makullin yana hannun wani. Ki zauna da maigida da wadda za ta yi jinyarki tun yanzu, saboda kin san al'adarmu: 'yan dubiya da katan ɗin malt da lemon kwali suke zuwa, kuma sai sun ga an kurɓa hankalinsu ke kwanciya. A faɗa musu mai son kawo wani abu ya kawo ƙwai, kifi ko kaza. Abu na ƙarshe, kada a yi walimar bankwana da zaƙi ana gobe za a fara abincin hanta, balle ana gobe tiyata. Zama ɗaya ya isa ya sake cika ajiyar da aka sha wahalar kwashewa.

Idan kina shan maganin ciwon suga, musamman insulin ko gilibenkilamaid, likita ya rage miki shi a ranar da kika fara rage abinci, in ba haka ba sukarin jininki zai faɗi.

Wata uku ke nan da yi mini baifas. A wurin ɗaurin aure aka miƙo mini malt, na sha rabi don kada in ba da kunya. Ba a yi minti ashirin ba gumi ya karyo mini, zuciyata kamar za ta faso ƙirji, ciki ya murɗa, da ƙyar na kai bayi. Wasu sun ce ciwon zuciya ne, wasu sun ce jifa. Mene ne wannan? Daga wani magidanci a Kaduna.

Alhaji, yadda ka kwatanta shi, wannan shi ne abin da likitoci ke kira damfin, wato kwararar abinci cikin hanji a lokaci guda. A ƙasan tumbin ɗan Adam akwai ƙofa mai tsoka da ke aiki kamar mai gadi, tana sakin abinci kaɗan-kaɗan. A baifas an kauce wa wannan ƙofa, abin da ka haɗiya kusan kai tsaye yake faɗawa hanji. Ka taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa ka ga ta fitar da ruwa? Haka sukari mai kauri ke yi wa hanji: yana janyo ruwa daga jini ya cika shi. Hanji ya kumbura, ga murɗawa da gudawa. Ruwan jini ya ragu, hanjin kuma ya saki sinadaran da ke buɗe jijiyoyi, ga jiri da gumi da bugun zuciya. Tsakanin minti 10 zuwa 30 bayan ci yake zuwa.

Ba sabon abu ba ne. Likitoci sun san shi tun zamanin da ake yanke tumbi saboda gyambon ciki, kuma ganin yadda waɗancan majinyata ke ramewa ne ya sa Dokta Edward Mason na Jami'ar Ayowa a Amurka ya fara yin baifas don rage ƙiba a 1966.

Idan ya same ka, ka kwanta na minti 20 zuwa 30, ka sassauta tufafi. Kada a ɗura maka wani abu mai zaƙi da sunan farfaɗo da kai, ƙara wa wuta fetur ne. Idan ya lafa sai ka riƙa kurɓar ruwa. Yawanci cikin awa ɗaya yake wucewa. Amma akwai alamun da ba a zama da su a gida: ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, zazzaɓi, aman jini, baƙin bayan gida, ciwon ciki mai tsanani da ya ƙi sauka, ko bugun zuciya da ya haura 120 a minti ya ƙi komawa. Waɗannan asibiti ne nan take, ka kuma faɗa musu irin tiyatar da aka yi maka tun daga bakin ƙofa.

Kariyarsa sananniya ce. Ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana, a fara da nama, kifi, ƙwai ko wake, ganye ya biyo, sitaci a ƙarshe in da sauran wuri. A tauna sosai, a ɗauki minti 20 zuwa 30 a kan kwano. Ba a haɗa ci da sha, sai an yi rabin awa da gamawa, domin ruwa yana wanke abincin ya tura shi hanji da gudu. Soyayyen abu mai maiƙo ma yana tayar da shi. A wurin biki kuwa ka riƙe robar ruwa a hannu tun daga shiga, ba a cika miƙa wa mai riƙe da abin sha wani ba.

Gargaɗi ɗaya ga masu murna cewa damfin zai zame musu ɗan sanda: ba kowa yake samu ba, masu silib sun fi kuɓuta tunda ƙofarsu tana nan, kuma ko ga masu baifas yakan yi sauƙi da tafiyar lokaci.

Na bar farin suga kwata-kwata, na koma zuma, dabino da mazarƙwaila tunda su na Allah ne ba na kamfani ba. Na yi daidai? Daga wata baiwar Allah a Maraɗi.

Malama, babu mai musun darajar zuma da dabino, amma hanji ba ya tambayar daga ina sukari ya fito. Kusan kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne, babban cokali ɗaya giram 17, ya fi ƙwaya uku. Dabino kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne. Mazarƙwaila ruwan rake ne da aka dafe, ita da farin suga uwa ɗaya uba ɗaya. Duk suna kawo damfin, duk suna hana rama.

Dabino ya ɗan fi sauran saboda yana da ɓawo da zare. Idan kin kai matakin abinci mai tauri, wajen mako shida zuwa takwas bayan tiyata, kina iya gwada ƙwaya ɗaya bayan kin ci furotin, wato abincin gina jiki irin nama, kifi, ƙwai ko wake, ki tauna ta ta narke. In jiki ya yi ƙorafi ki bari. Haka 'ya'yan itace: a ci su, kada a matse su. Kofi ɗaya na ruwan lemon zaƙi lemo uku ne da aka raba da zarensu, sukarinsa ya haura giram 20. Yankan gwanda ko kankana biyu zuwa uku sun isa zama ɗaya. Mangwaro, abarba da nunanniyar ayaba a taɓa kawai. Idan lemo za a sha, a cire farar fatar da ke raba ɓangarorinsa, tana iya toshe mashigar sabon tumbi.

Takardar da aka ba ni a asibitin waje duk abincinsu ne. Ni kuwa da koko, kunu, fura da zoɓo na tashi. Wanne zan iya sha idan ban sa suga ba? Daga wani malamin makaranta a Zariya.

Malam, wannan tambaya ita ce gishirin zancen, domin sukarin da ke kayar da mutanenmu bayan tiyata yawanci ba na taunawa ba ne, na sha ne. Sabon tumbi kamar mazurari yake. Zuba masa tsokar kaza loma huɗu zai ce ya ƙoshi, zuba masa kunu zai wuce ya bar wuri kamar ba a sha komai ba. Mutumin da a watannin farko abincinsa na yini bai wuce kalori 600 zuwa 800 ba, robar lemo ɗaya mai kalori 200 ta cinye masa kwata ko fiye, ba tare da ta ba shi furotin ko giram ɗaya ba. Masu dawowa bayan shekara biyu suna cewa tiyata ta daina aiki, in aka bi diddigi sau da yawa a kofi ake samun matsalar.

Koko, ko babu sukari, tataccen sitaci ne da aka raba da dusarsa. Jiki yana mayar da shi sukari cikin ƙanƙanin lokaci. Kunun zaƙi ya fi shi, tunda akan sa masa dankali da tsiron hatsi su zaƙaƙa shi tun kafin a zuba suga. Kunun aya na sayarwa da dabino ake markaɗa shi, galibi a ƙara sukari a kai. Waɗannan uku a jingine su. Kunun gyaɗa ya fi dama-dama idan a gida aka yi: gyaɗa ta fi yawa, shinkafa 'yar kaɗan, babu suga, a zuba garin madara mara kitse babban cokali biyu, a sha rabin kofi, kimanin mililita 100, da cokali ba da kurɓa ba.

Nono da kindirmo marasa suga suna cikin mafi kyawun abin da muke da shi. Suna da furotin, kuma tsaminsu ya riga ya cinye wani ɓangare na sukarin madara, wanda ke kumbura cikin wasu bayan baifas. Sharaɗi shi ne a tabbatar an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, saboda ɗanyar madara tana ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su tarin fuka na shanu. Fura kuwa a sa kamar girman goro don ɗanɗano, ba dunƙule guda ba. Yogot na kanti kusan duka da sukari ake haɗa shi, a duba jikinsa.

Zoɓo mara suga ba shi da laifi, sai dai tsaminsa yana iya ƙona sabon ɗinki, a jira mako huɗu zuwa shida, a kuma tsinka shi da ruwa. Citta, kanumfari da ɓawon abarba suna ba shi armashi. Mai shan maganin hawan jini ya lura, zoɓo yana ɗan sauke jini. A makonni biyun farko na ruwa-ruwa, abokinka shi ne romon kaza ko kifi da aka tace aka kwashe man sama, babu yaji mai zafi, sai madara. Mako biyun da ke biye na abinci mai laushi kamar na jariri: alale mai taushi, dafaffen ƙwai da aka murƙushe, kifi a miyar kuka ko kuɓewa, awara da aka dafa ba soyawa.

Abin da ake nema a rana shi ne ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu, da furotin giram 60 zuwa 80. Ƙwai ɗaya giram 6, kofin madara 8, tsokar kaza giram 100 ta kusa 30. Ka kuma san akwai sukarin da ke ɓoye: ƙullun masa, burodin kanti, fanke, wani kilishin, da maganin tari na ruwa.

Ƙwayoyin zaƙi da ake sayarwa a kemis, waɗanda aka ce ba su da suga, suna da illa? Kuma yaya zan gane abu mai suga daga rubutun jikinsa? Daga wata ma'aikaciyar jinya a Jos.

Sista, irinsu biyu ne kuma bai kamata a haɗa su ba. Sukuralos, sitibiya, asfatem da sakarin ba sa ɗaga sukarin jini, ba sa kawo damfin, ƙwaya ɗaya a shayi ba matsala. Amma sobitol, maltitol da zailitol, waɗanda ake sa wa a cingam, alawa da biskit na masu ciwon suga, hanji ba ya tsotse su duka. Suna janyo ruwa, suna kawo iska da gudawa, har mutum ya zaci damfin ne. Kusan duk sunan da ya ƙare da "tol" a jikin leda na wannan gida ne.

Ra'ayinmu shi ne a ɗauke su a matsayin gada, ba gida ba. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a dogara da su wajen rage ƙiba na dogon lokaci. Wanda ya maye ƙwaya huɗu na suga da ƙwaya huɗu na wannan, harshensa bai koyi komai ba.

Wajen karatun leda, a duba layin sukari a ƙarƙashin giram 100, ba girman da kamfani ya kira ci ɗaya ba. Abinci mai giram 5 ko ƙasa a cikin 100 ya yi. Abin sha kuwa giram 2.5 ko ƙasa a mililita 100. Abincin da ya haura 22.5 sai a mayar da shi kan kanta. Ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, don haka idan sukari na cikin ukun farko an gama magana. Yakan zo da sunan gulukos, furuktos, maltos, dekstoros, sirof ko tataccen ruwan 'ya'yan itace. Madara da yogot mara haɗi suna nuna giram 4 zuwa 5 na sukarinsu na asali, wannan ba abin tsoro ba ne.

Shekara ɗaya da rabi da yi mini baifas. Yanzu kamar awa biyu bayan na karya da burodi da shayi sai jikina ya hau rawa, in ji kaina ya juye. Ina yawo da alawa a jaka, in na sha sai in warware, amma anjima ya dawo. Kuma ina da ƙaramin ciki. Daga wata matar aure a Sakkwato.

'Yar'uwa, ki je asibiti cikin makon nan, kada ki jira ranar awo. Wannan shi ne damfin na baya, wato faɗuwar sukarin jini awa ɗaya zuwa uku bayan ci, kuma yakan bayyana ne bayan shekara da tiyata. Burodi ya zama sukari ya shiga jini a guje, jiki ya firgita ya saki insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, fiye da kima, sukarin ya ƙare insulin bai ƙare ba. Alawar da kike sha tana ɗaga shi, ta sake tayar da insulin, shi ya sa kike hawa da sauka kamar lilo.

Ki mallaki na'urar gwajin suga ki gwada a lokacin da abin ya zo. Ƙasa da 70 ya faɗi, ko 3.9 idan na'urarki ɗaya ma'aunin take nunawa. Ƙasa da 54, wato 3.0, haɗari ne. Nan ne kaɗai wurin da sukari ke zama magani, kuma da awo: giram 10 zuwa 15, kamar ƙwaya uku ko ƙwayoyin gulukos na kemis, a jira minti 15 a sake gwadawa. Da ya hau sai a bi shi da ƙwai, gyaɗa ko nono don ya zauna. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki. Kada ki tuƙa mota har sai an shawo kan abin.

Maganin gaskiya a kwanon safe yake. A cire farin burodi, koko da farar shinkafa zalla. Sitacin kowane babban ci kada ya wuce kimanin giram 30, na tsakani 15, kuma ko yaushe tare da furotin: wake da ƙwai, alale, faten acca mai ganye da kifi. Idan hakan bai wadatar ba akwai maganin akabos da ke jinkirta narkewar sitaci. Mai shan sa idan sukarinsa ya faɗi gulukos zalla ne ke tashinsa da wuri, farin suga ba ya yi.

Tunda kina da ciki, ga abu biyu da za ki faɗa a wurin awo. Gwajin nan da ake ba mai ciki ruwan gulukos giram 75 ta shanye ba a yi wa mai baifas, zai jefa ta cikin damfin. A madadinsa ana gwada jini a yatsa kafin ci da bayan ci na tsawon mako guda, tsakanin mako 24 zuwa 28. Sannan idan laulayi ya sa kina amai kwana da kwanaki har aka ce za a ƙara miki ruwa, a fara ba ki bitamin B1 kafin ruwa mai gulukos. Ajiyar B1 a jiki ba ta wuce 'yan makonni, kuma gulukos a kan rashinsa yana iya taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Wannan ya shafi duk wanda aka yi wa tiyatar, mace ko namiji.

Azumi ya ƙarato, wata biyar da tiyatata. In yi? In zan yi, da me zan buɗe baki tunda an hana ni zaƙi? Daga wani dattijo a Kumasi.

Baba, a wata biyar shawarar yawancin likitoci ita ce a dakata, su fi son a cika shekara. Babbar matsalar ruwa ce. Mai lafiyayyen tumbi yana iya shanye lita guda tsakanin magariba da isha, kai kuwa kurɓa kake yi, ga rabin awa da za ka bari tsakanin ci da sha, ga furotin giram 60 da bitamin da dole su shiga cikin dare ɗaya. Lissafin ba ya fita, ƙarshensa bushewar jiki da wahalar ƙoda. Sassaucin da aka yi wa mara lafiya a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185, sananne ne, malaminku zai yi maka bayanin ramuwa ko ciyarwa.

Idan shekara ta zagayo likita ya amince, ka gwada kwana ɗaya ko biyu a Sha'aban tukuna. Faranti irin namu na buɗe baki, kunu da suga, ƙosai, lemo, kankana, dabino bakwai, duk a kan wofin ciki, shi ne ainihin girkin damfin. Kai ka buɗe da ruwa kurɓa-kurɓa da dabino ɗaya, ka tashi ka yi magariba. In ka dawo romo ko nono rabin kofi. Bayan rabin awa ƙaramin abinci mai nama ko kifi, wani bayan tarawihi, ruwa a tsakani har ka kwanta. Sahur a jinkirta shi, a yi shi da ƙwai, wake ko kindirmo, ba koko ba, domin koko da asuba yana iya kayar da sukarinka kafin hantsi. Maganin ƙarin jini da na kalsiyam a raba su da awa biyu, ɗaya bayan magariba ɗaya da sahur, kuma kada a kora na ƙarin jini da shayi. Ranar da ka ji rawar jiki, ko na'ura ta nuna ƙasa da 70, ko fitsari ya yi duhu ga jiri in ka miƙe, ka karya a lokacin, ko da saura minti goma a kira salla.